Maigida Ya Hana Ni Sauke Manhaja, Ciniki Kuwa Yana Wuce Ni

"Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kaduna, ina sana'ar kayan gara da abincin taro daga gida. Wata biyar ke nan da maigidana ya saya mini iPhone ta hannu, ya kuma gindaya mini sharaɗin kada in sauke komai a kanta ban da WhatsApp da manhajar banki, waɗanda shi ya saka da kansa. Dalilinsa shi ne shekara biyu da suka wuce wani ya tura masa wata manhaja a wayarsa ta Android, kwana uku bayan haka aka kwashe kuɗin asusunsa. Da Pages nake rubuta takardar farashi, da Numbers nake lissafi. Watan jiya wata makaranta ta nemi farashin abincin mutum 300 don walimar sauka, na tura, sai bayan kwana biyu aka ce mini takardar ba ta buɗe ba, har sun ba wata aikin. Haka kuma yaron da ke kai mini saƙo a babur ya yi awa biyu yana yawo da dubulan da alkaki, domin na rubuta masa sunan unguwa da layi, shi kuma ya bi taswira zuwa wani wurin mai irin sunan. Ƙanena ya ce laifin manhajojin da suka zo da wayar ne, in ba shi ita ya shiga da asusunsa ya sauke mini Google Maps da Word da WPS, maigida ba zai sani ba. Sau ɗaya na yi wa maigida maganar, ya ce duk abin da bai zo da waya ba ƙofar ɓarawo ce. Ina jin haushinsa, ina kuma tsoron saɓa masa. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya mayar miki da alherin abin da kika rasa. Aikin mutum 300 ba ƙaramin ciniki ba ne ga mai sana'a daga gida, kuma na san abin da ya fi ci miki rai shi ne ba a kan farashi aka kada ki ba, ba kuma a kan ɗanɗanon girki ba, a kan takardar da ko karanta ta ba a yi ba. Haushin da kike ji yana da dalili. Amma tun kafin mu yi nisa zan gaya miki inda na tsaya: kada ki ba ƙanenki wayar nan a ɓoye. Akwai dalilin zaman aure, akwai kuma dalilin da ya shafi wayar kanta, zan zo kan kowanne. Abin da ya kamata ya kwantar miki da hankali shi ne mafi yawan matsalarki tana da magani yau ɗin nan ba tare da kin karya sharaɗin kowa ba, sauran kuma magana ce da za a iya shawo kan maigida da ita idan aka zo masa da hujja.

Mu fara da shi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya, don haka kada ki ɗauki tsoronsa a matsayin taurin kai. Daga yadda kika bayyana, abin da ya same shi ya yi kama da hanyar da aka saba cutar mutane da ita a wayoyin Android: a turo wa mutum fayil ɗin manhaja ta WhatsApp ko ta Xender, ya saka ba ta kantin manhajoji ba, ita kuma ta nemi izinin karanta saƙonninsa, ya danna amincewa bai duba ba, daga nan duk lambar sirrin da banki ya turo ta faɗa hannun wani. Darasin da ya ɗauka, cewa a yi hattara da abin da ake sakawa a waya, daidai ne. Inda ya kuskure shi ne wurin da ya ja iyakar. Ya raba manhajoji gida biyu, wadda ta zo da waya da wadda ba ta zo da ita ba, alhali abin da ke bambanta mai aminci da mai cutarwa shi ne wane ne ya yi ta, ta wace hanya ta shigo, kuma me ta nemi izinin taɓawa.

Ga wata hujja da ke cikin aljihunsa. Mafi yawan wayoyin Android da ake sayarwa a kasuwanninmu, irin su Tecno da Infinix da Samsung, da Google Maps a cikinsu suke zuwa. Ke nan taswirar da ya hana ki saukewa ita ce wadda ya yarda da ita a tasa wayar. Ita kanta iPhone daga fitowarta a 2007 har zuwa 2012 da taswirar Google take aiki. A watan Satumba na 2012 ne kamfanin Apple ya cire ta ya kawo tasa, kuma ta fito da kurakurai da yawa har shugaban kamfanin na lokacin, Tim Cook, ya rubuta takardar ban haƙuri ga masu wayar, ya kuma ba su shawarar su yi amfani da taswirorin wasu kamfanoni kafin a gyara. An gyara ta ƙwarai tun daga lokacin, ba don in kushe ta na kawo labarin ba. Na kawo shi ne don ki ga cewa abin da ke zuwa cikin waya ciniki da gasar kamfanoni ne ke yanke shi, wani lokaci ma siyasa, kamar yadda sababbin wayoyin Huawei suka daina zuwa da manhajojin Google bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019. Sannan a irin wayarki, a ƙasarmu, manhaja ta App Store, kantin manhajoji na Apple, take shigowa, inda ake tantance ta kafin a baje ta. Tantancewar ba ta hana wata gurɓatacciya kutsawa jifa-jifa ba, shi ya sa ake duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar kafin a sauke, amma ƙofar da aka shiga wa maigida ta ita ba a buɗe take a wayarki ba.

Yanzu takardar da ba ta buɗe ba, wadda ita ce ta fi ci miki kuɗi. A nan ƙanenki ne bai yi daidai ba, domin Pages ba ta gaza ba. Tana adana aiki a tsarinta na kanta, wanda na'urorin Apple ke karantawa, ita kuwa kwamfutar ofishin makaranta kusan tabbas Windows ce mai Word, kuma Word ba ya buɗe fayil ɗin Pages. Kamar ki rubuta wasiƙa da ajami ne ki aika wa wanda boko kaɗai ya iya: rubutun lafiya lau yake, mai karɓa ne ba shi da hanyar karantawa. Maganin yana cikin Pages ɗin. Idan kin gama rubutu, ki shiga wurin fitar da takarda, za ta tambaye ki a wane tsari kike so, cikinsu akwai PDF akwai Word. Ki zaɓi PDF ga duk takardar farashi da rasit. Kusan kowace waya da kwamfuta suna buɗe shi, layuka da jadawali suna zama yadda kika jera su, kuma ba a canza lamba a cikinsa cikin sauƙi kamar yadda ake yi a takardar Word, abin da ke da muhimmanci ga takardar da ke ɗauke da kuɗi.

Akwai wani amfanin PDF da ya shafe mu masu rubutu da Hausa. Na taɓa tsayawa a wani shagon buga takardu ana fitar wa wata baiwar Allah jerin kayan da take sayarwa, sai ga duk inda ta rubuta ƙosai da ɗanwake da ƙuli-ƙuli, harafin farko ya koma ɗan akwati babu komai a ciki, domin salon rubutun da ke kwamfutar shagon ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Sai da mai shagon ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su k da d, ta karɓi takardar ranta a ɓace. PDF yakan tafi da salon rubutunsa a cikinsa, don haka ƙ da ɗ da ɓ suna isa yadda kika rubuta su. Kuma ko da wane tsari kika tura, ki mayar da shi al'ada ki kira bayan minti goma ki ce, "Malam, takardar ta buɗe kuwa?" Da an yi wannan kiran, da kwana biyun nan ba su wuce ki ba.

Inda Pages za ta fara ba ki wahala shi ne ranar da wani ofishi ya turo miki fom ɗinsa na Word ya ce ki cike ki mayar. Za ta buɗe shi, za ta kuma iya mayar da shi Word, amma a wannan kai da komowar jadawali yakan goce, salon rubutu ya sauya, shafi ɗaya ya zama biyu. Idan kina son shiga harkar makarantu da ma'aikatu sosai, to a ganina Word na kamfanin Microsoft ya cancanci zama a wayarki, don shi ne yaren da ofisoshin nan ke ji. Ba ya buƙatar kuɗi ga irin aikinki: a na'urar da fuskarta ba ta wuce inci 10.1 ba, ana rubutu da gyara na yau da kullum kyauta, muddin an buɗe asusu. WPS, wadda kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin ya yi, tana buɗe takardun Word da Excel da PDF a wuri ɗaya, shi ya sa ɗalibai irin ƙanenki ke son ta, sai dai ta kyautar tana zuwa da tallace-tallace, kuma ban ga dalilin tara manhajoji biyu masu aiki ɗaya a wayar da ake ƙoƙarin rage mata kaya ba. Ki ɗauki ɗaya.

Lissafi kuwa, idan ke kaɗai ke duba shi, ki zauna da Numbers, babu abin da ya same ta. Ranar da kika ɗauki mai taya ki rubuta ciniki, kuma wayarta Android ce, sai ki duba Google Sheets, inda mutum biyu za su iya rubutu a takarda ɗaya, ana kuma ganin tarihin canje-canjen da aka yi. Abin da zan roƙe ki a nan shi ne ki san inda lissafin yake kwana. Apple na ba da wurin ajiya na iCloud gigabait 5 kyauta, wanda hotunan kayan gara kaɗai za su iya cinyewa cikin 'yan watanni, kuma idan ya cika sabon aiki ba ya hawa. Google na ba da 15, wanda imel da hotuna da takardu ke rabawa. Ki riƙa fitar da lissafin kowane wata a PDF ki aje kwafi a wani wuri dabam, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Sai batun yaron babur. Nan ma ba taswirar wayarki ce ta ɓatar da shi ba, suna ne. Ki tuna Tudun Wada nawa muke da su: akwai a Kaduna, akwai a Zariya, akwai a Kano, akwai a Jos. Layin Masallaci da Layin Makaranta kuwa kusan kowace unguwa tana da nata, ga sababbin unguwanni da ko sunan layi ba a sa musu ba tukuna, sai dai a ce bayan gidan mai, ka wuce taransifoma, gida na uku mai baƙin get. Taswira, ko ta wane kamfani ce, tana neman sunan da aka rubuta mata ne a cikin abin da aka taɓa shigar mata, idan ta sami mai kama sai ta miƙa. Saboda haka ki daina tura suna. Ki ce wa mai sayen kaya ta tsaya a ƙofar gidanta ta turo miki wurin da take ta WhatsApp, ke kuma ki tura wa yaron saƙon yadda yake. Abin da ke cikin saƙon lambobin wurin ne a doron ƙasa, kuma zai buɗe a taswirar da ke tasa wayar, ba ruwansa da irin wadda ke taki. Ki haɗa masa da kwatance irin namu da lambar mai karɓa, domin alamar takan goce da 'yan mitoci, kuma a layin da gidaje ke manne da juna wannan ya isa a ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Idan kaya masu yawa ne, ki sa ya kunna miki wurin da yake kai tsaye, WhatsApp na ba da zaɓin minti 15 ko awa 1 ko awa 8, kina zaune kina ganin inda ya nufa, ki kira shi tun bai yi nisa da kuskure ba.

Duk da haka, idan kika tambaye ni wace taswira ta fi amfani ga mai sana'a a garuruwanmu, zan ce Google Maps, ba tare da kwana-kwana ba. Dalilin ba ya wuce yawan masu amfani da ita: tun da mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a da ita suke zuwa, ita ce masu shaguna da makarantu da wuraren taro suka fi shigar da kansu a ciki, kuma ita ce yaronki ke kallo, don haka idan kuna waya kuna duban abu ɗaya. Ana iya sauke yankin Kaduna gaba ɗaya a aje a waya, ta ci gaba da nuna hanyar mota ko babu data, domin gano inda mutum yake daga tauraron ɗan'adam ake samunsa, hoton titunan ne ke buƙatar intanet. Abin da ba za ta nuna ba a wannan halin shi ne cunkoso. Waze, wata manhajar taswira da Google ya saya a 2013, ƙarfinta yana ga rahoton direbobi, ta fi dacewa da mai tuƙi kullum, ba ke ba. Akwai kuma irin su Organic Maps da OsmAnd, masu aiki da bayanan OpenStreetMap da 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004, suna da kyau ga mai tafiya ƙauyukan da babu sabis, amma wajen neman shago da sunansa ba su kai ba.

Gaskiya ce kuma dole in faɗa, a nan maigida yana da abin cewa. Mafi yawan kuɗin shigar Google daga talla yake, kuma sanin inda mutane ke zuwa yana da daraja a wannan kasuwar, yayin da Apple ke cewa ba ya haɗa tafiye-tafiyen mutum a taswirarsa da asusunsa. Idan an sauke ta, ki ba ta izinin sanin wurinki a lokacin da kike amfani da ita kaɗai, wayarki na da wannan zaɓin, kuma kada ki kunna adana tarihin wuraren da kika je. Sannan idan wani ya ba ki shawarar ki sa sana'arki a taswira don masu saye su same ki, ki tuna gidan aurenki ne za ki nuna wa duniya. Wannan ba abin da za ki yanke ke kaɗai ba ne, kuma da ni ce, wata sananniyar mahaɗa kusa da gida zan riƙa ba baƙi.

Ƙanenki yana son ki da alheri, ki gode masa, amma tayinsa shi ne abu mafi hatsari a cikin wasiƙarki. Idan ya sauke manhaja da asusunsa, ranar da za a sabunta ta wayar na iya neman kalmar sirrinsa, ki koma kina jiran sa. Idan kuwa ya shiga iCloud gaba ɗaya da sunansa, hotunanki da lambobin masu sayen kayanki za su iya haɗuwa da nasa, wayar kuma ta ɗaure da asusunsa, ta yadda in ya manta kalmar sirrin, buɗe ta zai zama babban aiki. Tun da ma ta hannu ce, ki shiga saituna yau ki duba sunan da ke can sama. Idan ba naki ba ne ko na maigida, idan na mai shagon da ya sayar ne ko na wanda ya riƙe ta a da, to wannan ya fi kowace manhaja gaggawa, ku koma a cire shi a gabanku. Ga kuma abin da ba sai na tsawaita ba: alamar manhaja ba ta ɓuya a fuskar waya. Ranar da maigida ya gan ta, maganar ta tashi daga taswira ta koma kan amana, ƙanenki kuma ya zama wanda ya shiga tsakanin mata da miji, abin da zai daɗe yana bin zumuncinku.

Ki sake yi wa maigida magana, amma ba irin ta farko ba. Ina zaton wancan karon kin je masa da zafin asara, shi kuma ya ji kamar ana tuhumar kyautar da ya yi miki. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki fara da cewa kin bincika kin gano takardar ba laifin wayar ba ne, kin kuma koyi gyaran. Ki nuna masa PDF ɗin ya buɗe a tasa wayar da idonsa. Daga nan ki gaya masa adadin ribar da aikin makarantar nan zai kawo, domin mai yiwuwa bai san girman abin ba. Sai ki roƙi abu biyu kawai, Google Maps da Word, ki ce shi za ya sauke su da hannunsa kamar yadda ya saka WhatsApp da ta banki, waɗanda su ma ba da wayar suka zo ba. Ku duba sunan kamfanin tare, ku duba izinin da kowace ta nema tare, ki kuma yi masa alkawarin ba za ki ƙara ta uku ba sai da saninsa. Mutumin da aka taɓa cuta yana son ya ji linzamin yana hannunsa, kuma ba ki rasa komai ba idan kin bar masa shi a wannan wurin.

Idan ya ce a'a, kada ki mayar da shi rigima. PDF da wurin da ake turowa ta WhatsApp sun riga sun toshe ramukan biyu da kika faɗa. Google Maps tana buɗewa a Safari, manhajar shiga intanet da ta zo da wayar, ba tare da an sauke komai ba, ta isa neman wuri da duba nisa, sai dai ki gaya masa kina yin hakan don kada ya zama wata ɓoyayyar hanya. Fom ɗin Word idan ya zo, shagon buga takardu zai cike miki da ɗan kuɗi kaɗan. In sana'ar ta ƙara buɗewa, ki kawo shawarar sayen ƙaramar Android daga ribarki, wadda babu manhajar banki a cikinta, ta zama ta ciniki zalla. Wannan yakan kwantar da hankalin mai tsoro irin nasa, domin ya raba kuɗi da kasada.

Makarantar nan kuma kada ki yanke ƙauna da ita. Walima ba ta ƙarewa a makaranta, akwai ta baɗi, akwai taron iyaye da na yaye ɗalibai. Cikin makon nan ki sake tura musu takardar farashinki a PDF da gajeren saƙon ban haƙuri, ki sa yaron ya kai wa ofishin ɗan kwalin alkaki da dubulan su ɗanɗana, ki kuma roƙi wanda zai karɓa ya turo miki wurin da ofishin yake kafin yaron ya tashi.